Lasifikar Ɗakin Inna

Rediyon ya iso gidanmu na Bebeji da kaka, a motar da ta zo ɗaukar gyaɗa, shekaru kaɗan kafin mulkin kai. Yayana ne ya aiko da shi. Shi ne ɗan farin Inna, malamin gona ne, aiki ya yi ta jansa daga wannan lardi zuwa wancan har ya dangana da ƙasar Adamawa, kuma rabonsa da gida tun rasuwar mahaifinmu. Direban ya sauke akwatin a ƙofar zaure, ya sauke batir mai nauyin tubali, sannan ya ba da saƙon baki. Wai da yayana ya je Kaduna an ɗauki maganarsa a gidan rediyo, za a sa a shirin manoma ranar Alhamis ta ƙarshen wata, bayan la'asar. A kan ajiye irin gyaɗa zai yi magana.

Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a gidan. Ya zagaya akwatin, ya taɓa shi da sanda, ya dube ni.

"Kai ne tela. Kai ka saba da ƙarfe mai motsi. Ga shi nan a hannunka."

Tun daga wannan magana hankalina bai sake kwanciya ba. Ni mutum ne da zan auna yadi, in yi alama da alli, in ɗauki almakashi, sai in ajiye in sake aunawa. Yanzu ga abin da ban taɓa buɗe cikinsa ba, na wani ne, daga nesa ya zo, kuma an sa masa rana. Na kafa gora a kan soro na ɗaura wayar eriya. Na binne ɗaya wayar a gindin randa kamar yadda direban ya ce, ina zuba mata ruwa safe da yamma kamar dashen barkono. In na kunna, sai ya yi shiru tukuna kafin kwalaben cikinsa su yi ɗumi, kuma a cikin wannan shirun kullum sai na tabbata ya mutu.

Bai mutu ba. Zaure ya cika. Dattawa suka riƙa zuwa da buzunsu.

Inna kuwa ba ta leƙo ba. Ranar da aka shiga da saƙon direba, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambayi matata ko an ba kaji ruwa. Haka iyayenmu mata suke da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, in an yabe shi sai ta kau da kai kamar ɗan wata ake yabo. Amma matata, wadda ke wuni da ita, ta ja ni bayan rumbu ta ce, "Tsohuwar nan da ba ta san wata rana ba sai Juma'a da ranar kasuwa, yanzu kullum da safe sai ta tambaye ni yau wace rana."

Kunnen Inna na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama saura rabi. Gwiwoyinta ba sa kai ta ƙofar gida, ko da za su kai ta ba za ta zauna a zauren maza ba. Na je na durƙusa na ce ko a shigo mata da rediyon ɗakinta.

"In yi me da shi? A bar wa maza abinsu."

Na gane. In aka ɗauke akwatin daga zaure aka kai mata, gari duka zai ce ta ƙosa ta ji ɗanta, ita kuwa ta gwammace kurumta da wannan magana. Matata ce ta samo hanya. Ta ce ta ji a Kano ana jan murya da waya zuwa wani ɗaki. A rataye ƙaramar lasifika a ce ta matan gida ce, ɗakin tsohuwa kuwa shi ne ya fi inuwa.

Na juya rediyon na kwafi duk rubutun bayansa a tafin hannuna, na tafi Kano da hannun a dunƙule don kada gumi ya goge. A Fagge na sami mai gyara, wani siriri mai tabarau ɗaure da zare, yana shan rake a tsakiyar matattun rediyoyi. Ya buɗe hannuna ya karanta, ya nuna lamba uku da wata alama a gefenta mai kama da bakin ƙofar soro.

"Om uku," ya ce, wai om sunan alamar ne. Ya tona cikin tarkace ya fito da wata lasifika mai faɗin faifai, ya nuna mini irin lambar a bayanta. "Wannan 'yar'uwar ta cikin ce. Su biyu za su tafi. Kada ka ƙara."

Na tambaye shi dalili, amma wani ya shigo da garmaho a ka, ya juya wajensa.

Na ja wayar daga zaure, ta bi kan katanga, ta ratsa tsakar gida a kan azara, ta shiga ɗakin Inna ta saman ƙofa. Na rataye lasifikar a ƙusa. Da na kunna, muryar zaure ta ɗan ragu, amma ba wanda ya lura sai ni. Inna ta ce an kawo mata surutu har ɗaki. Washegari matata ta ga tabarmarta ta matsa. Rana ta biyu ta ƙara matsawa, har ta koma ƙarƙashin ƙusar, kunnen dama yana sama.

Da a nan abin ya tsaya, da na huta.

A unguwarmu a lokacin ashana ba ta kowa ba ce. Da sassafe mata kan fito da tsingaro su shiga gidan da hayaƙi ya riga tashi, su ɗebi garwashi. Ba a sallama mai tsawo, ba a godiya mai tsawo, don wuta ba ta raguwa in an ɗiba. Gidanmu kuwa shi ne mai riga tashi. Baffa yana alfahari da cewa tun zamanin kakanmu ba a taɓa mai da mace da tsingaro wayam daga ƙofarmu ba.

Mai unguwa, wanda katanga ɗaya ta raba mu, ya ji an ja murya da waya kamar akuya da igiya. Ya zo da yamma da wani abu a naɗe cikin rawani. Lasifika ce ta rediyon surukinsa da ya mutu a Kiru. Bai yi mini magana ba, Baffa ya yi wa.

"Malam, ko za a ɗan ɗiba mana? Ƙafar nan tawa ta hana ni zaman zauren wani."

"Haba, ranka ya daɗe, har sai an tambaya? Ai wuta ce."

Bayan ya tafi na matsa kusa da Baffa na ce, da ladabi, mai gyara ya ce kada a ƙara.

"Mai gyaran nan a gidan wa ya tashi?"

"Ban sani ba, Baffa."

"To ni na san gidan da ka tashi. Ja masa."

Na juya lasifikar mai unguwa, na ga ita ma uku ce, na ce wa kaina 'yan'uwa ne, ba za su yi faɗa ba. Na ja masa. Na ɗaura wayarsa a kan ƙusoshin nan biyu na bayan rediyon inda ta Inna take. Muryar ta sake faɗuwa, wannan karon har Baffa ya ce in ƙara masa. Na murɗa.

Ba a yi mako ba sai ga maƙeri. Ɗan goggona ne, taubashina, tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ya shigo da wata lasifika mai dogon baki kamar kakaki a kafaɗa. Masu yawon siyasa ne suka ba shi da ya gyara musu ƙarfen mota.

"Mai allura, kai da 'yan faya-fayanka. Ga lasifikar maza."

Na duba gindinta. Sha biyar aka rubuta.

"Ba irinsu ɗaya ba," na ce. "Namu uku ne."

"Sha biyar da uku wa ya fi? Ko duk shekarun da ka yi a elemantare gyaɗa kake ci a bayan aji?"

Zaure ya fashe da dariya, har Baffa. Na ja masa, har maƙera, da wata siririyar waya da ya kwance daga tsohon injin mota. Murya ta fito masa ta hanci, kamar mai magana da kara a baki, shi kuwa ya ce ya fi son ta haka, tana ratsa ƙarar guduma.

Daga nan rediyon ya zama wani abu dabam. In na bar shi a tsakiya, sai ka ce mutum na magana cikin tulu. In na murɗa har ƙarshe, muryar ta tsage, kalmomi su riƙa fashewa kamar ana suyar ƙosai. Dattawa suka ce iska ce, wasu suka ce mutanen Kaduna ne ba sa cin abinci. Ni kuwa na riƙa ɗora tafin hannu a kan akwatin ina jin ɗuminsa. Na riƙa shinshina shi. Na bi wayoyi ina latsa kowane ƙulli. Ina cikin ɗinki sai in tsai da keke in tashi in je in duba ko akuya ta kai ga wadda ta bi katanga. Na haɗa wa wani hannun riga a juye, abin da ban taɓa yi ba, na zauna ina farkewa ina jin kamar kowa a kasuwa ya sani.

Sai matata ta sake jana bayan rumbu.

"Ta mai da tabarmarta inda take da."

"Me ta ce?"

"Ta ce kukan sauro ne. Ta ce in an ga dama a cire, ƙusar tana da amfani." Ta sassauta murya. "Jiya na shiga ba ta ji ni ba. Ta miƙe tsaye, ta dafa bango, ta manna kunnenta a jikin abin. Da waɗannan gwiwoyin. Ta daɗe a haka, sannan ta zauna. Yau ba ta tambaye ni rana ba."

Alhamis ɗin kuwa ita ce mai zuwa.

Na rufe keke na hau mota na koma Fagge. Mai gyaran bai gane ni ba sai da na buɗe masa tafin hannu. Na faɗa masa duka, har da kakakin maƙeri. Ya cire tabarau ya goge ido.

"Ka taɓa ban ruwa a lambu?"

"Na taɓa."

"Jigo ɗaya ne da kai, kuma ƙarami. Rediyon batir ne wannan, ƙarfin muryarsa ko wat guda bai kai ba. An yi shi ne ya shayar da fangali ɗaya. Ka fasa na biyu, to, kowanne ya sami rabi, ana iya haƙuri. Ka fasa na uku da na huɗu, me na nesa zai samu?"

"Laima."

"Laima. Kuma ba rabon kaɗai ba ne. Lambar nan da ka kwafa tana faɗin irin nauyin da rediyon ke so ya ji in ya tura. Uku yake so. In ka jera masu uku guda biyu a kan ƙusa ɗaya, ba shida suke zama ba, ɗaya da rabi suke komawa. Guda uku su koma ɗaya. Ya tura ya ji ba abin da ya tare shi daidai, sai ƙarfin nasa ma ya ragu, muryar ta tsage. Ka taɓa taka keke bel ɗinsa ya yi sako-sako?"

Na taɓa. Ƙafa na gudu, allura na tafiyar hawainiya.

Na tambaye shi ko akwai wata dabara da kowa zai samu. Ya ce akwai yadda ake haɗa su, wasu a bayan wasu kamar jakunan fatake, har lambar ta dawo kusa da uku, tsagewar ta ragu. Amma jigon bai ƙaru ba. "Ga mai kunne biyu, rubu'i ya isa. Tsohuwar taka fa?"

"Rabin kunne."

"To ka ba ta duka. Cire na maƙwabta, cire har ta cikin akwatin, ka bar tata ita kaɗai. Uku da uku." Na miƙe zan tafi, ya riƙe mini riga. "Ka kashe shi kafin ka taɓa waya. Kada ka kuskura ya zauna a kunne ba lasifika ko ɗaya a jikinsa. Akwai wani ɗan tiransifoma a ciki, in ya tura bai sami inda zai zuba ba, kansa yake ci. In ya ƙone, sai an aika Ikko."

Da ma bai faɗi wannan na ƙarshen ba. Duk hanyar komawa ina ganin wayar Inna a raina, doguwa, ita kaɗai, tana bin katanga inda awaki ke hawa.

Amma waya ba ita ce babbar wahala ba. Wahalar ita ce bakin da zan faɗa da shi. In na ce Inna na son jin ɗanta, na tona abin da ta shekara talatin da wani abu tana rufewa. In ban faɗa ba, na zama yaron da ya je birni ya koyo rowa.

Na sami Baffa shi kaɗai bayan azahar yana gyaran igiyar guga. Na gaishe shi, na sake gaishe shi. Na fara da jigo da fangali. Ya ce shi bai ga lambu a zaurensa ba. Na koma kan lamba uku da ɗaya da rabi. Ya ce in lissafi ne ya sa uku da uku suka zama ɗaya da rabi, to Allah ya kyauta wa masu lissafi. Na ce murya ba kamar garwashi ba ce, ana ɗiba tana raguwa.

"Ta ragu mana. Tuwo ma in baƙi sun zo raguwa yake. Ka taɓa ganin mun ɓoye tukunya?"

Ina kallon ƙasa na ce, "Baffa, kunnen Inna ne."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

"Ita ta aiko ka?"

"A'a."

"Ta san ka zo?"

"A'a."

"To kada ta sani." Ya ja ƙullin ya ɗaure. "Kuma kada ka kai wannan magana gidan kowa. Je ka karɓo wayoyinka. Amma da ƙafarka, ba da tawa ba. Ni ban taɓa bin garwashin da na bayar ba."

Na fara da maƙera don ta fi sauƙi. Taubashina yana kan zuga-zugi. Na ce masa rediyon ba shi da lafiya, sai an sauke masa kaya.

"Rediyon ne ba lafiya ko mai jinyarsa? Dubi idonka, kamar na wanda ya haɗiyi allura." Ya saki zuga-zugin ya dube ni sosai. "Alhamis ce gobe, ko?"

Na gyaɗa kai.

"Tsohuwa ta shayar da ni fura fiye da uwata," ya ce. Ya miƙe ya fizge wayar daga kakakin da hannu ɗaya, ya naɗe ta a gwiwar hannu ya rataya mini a wuya. "Tafi da akuyarka. Da ma ta hanci take magana, kamar kai."

Gidan mai unguwa kuwa na isa ƙofa na wuce, na kai bakin masallaci na dawo, na sake wucewa. Da na shiga, yana kishingiɗe ƙarƙashin lasifikarsa, ya sa an yi mata 'yar rumfa ta kaba don ƙura. Na durƙusa. Na tambayi ƙafa, na tambayi iyali, na tambayi gero. Sannan na ce injin ya gaza, mai gyara ya ce a rage masa baki.

"Jiya da lafiyarsa na ji shi."

"Ciwon a ciki yake, ranka ya daɗe."

"Malam ya san ka zo?"

"Ya sani."

"Gobe ɗan gidan zai yi magana, yau ciwo ya tashi." Ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo. "Ai shi ke nan. Abin mutum nasa ne."

Kalma ɗaya ce za ta wanke ni, tana bakina, kuma na san da ya ji ta da shi da kansa zai kwance wayar. Na haɗiye ta. Na hau kan turmi na kwance, yana kallona. Kayan sallarsa na shekarar nan Kiru ya kai aka ɗinka, da na shekarar da ta biyo.

Ranar Alhamis tun hantsi na bi wayar Inna taƙi-taƙi. Na naɗe kowane ƙulli da ƙyallen ɗinki. Na sa aka ɗaure awakin gidan duka a gindin ɗorawa, har wadda ba ta iya tsalle. Na zuba wa wayar ƙasa ruwa har randa ta kusa ƙarewa, matata ta ce in na ƙara, rediyon zai tsiro.

Bayan la'asar zaure ya cika fiye da kullum, don labari ya zaga cewa ɗan gidan zai fito. Wasu daga ƙauye suka zo da ƙafa. Mai unguwa bai zo ba. Na kashe rediyon, na buɗe bayansa, na kwance wayar lasifikar ciki, na ɗaura ta Inna ita kaɗai. Mutane na kallona suna jira. Na dubi Baffa. Ban san abin da zai ce musu ba, kuma ban tambaye shi ba.

Ya gyara zama. "Jama'a, ku yi haƙuri. Yau na matan gida ne. Kullum mu ke ji, su suna daka."

Aka yi gunaguni. Wani tsoho da ya taho daga nesa ya ce da ya sani da ya zauna ya ƙarasa sussuka. Wasu suka ɗauki buzunsu. Taubashina ya miƙe ƙafa ya tare rabin ƙofa ya ce shi kam zai zauna, bai taɓa ganin rediyo mai azumin magana ba. Waɗanda suka rage suka zauna, wataƙila don kunyar Baffa.

Na kunna.

Sai a lokacin na gane abin da ban yi tunani ba. Kullum shirun ɗumi yakan ƙare da murya. Yau ba muryar da za ta zo mini. In wayar ta tsinke a wani wuri a kan katanga, haka zauren zai yi tsit, kuma a cikin wannan tsit ɗin ɗan tiransifoman nan yana cin kansa. Lafiya da mutuwa duk kamarsu ɗaya. Na sa hannu zan kashe, na fasa, don in lokacin ya yi fa? Na kama ƙusoshin nan biyu da yatsu na danne wayar, kamar dannewata za ta riƙe ta har can cikin gida. Na sunkuya ina shinshina.

"In ka shaƙe shi duka me za a bar wa mata?" in ji taubashina a hankali.

Ban iya dariya ba. Ina kallon ƙofar da ta shiga cikin gida. Can sai labulen asabari ya motsa, hannun matata ya fito riƙe da ludayi, ta ɗaga shi sama, ta mayar.

Alamar da muka shirya ke nan. Yana yi.

Sannan muka lura dakan cikin gida ya tsaya. Ta saman katanga wata murya ta riƙa zuwa, ta namiji, can ƙasa-ƙasa, kamar ana hira a gidan maƙwabta. Ba a rarrabe kalma. Amma tashinta da saukarta na gidanmu ne, irin na mahaifinmu in yana ba da umarni a gona. Baffa ya rufe ido, carbinsa ya tsaya a yatsa. Ba wanda ya yi tari. Maza cike da zaure, zaune a gaban akwatin da ba ya cewa komai, ni kuma a tsugune a bayansa na danne waya har yatsuna suka mutu.

Ban san tsawonsa ba. Na dai ji muryar ta canza ta zama kiɗa, ludayin ya sake fitowa. Na kashe. Da ƙyar na ɓamɓare yatsuna.

Abin da ya faru a ɗakin daga bakin matata na ji. Matan gida sun shiga sun zauna, don a ce nasu ne. Inna ta ba lasifikar baya, ta jawo audugarta da mazari ta kama kaɗi, ta ce su yi saurarensu ita tana da aiki. Sai dai bayan da ta bayar ya sa kunnen dama ya fuskanci ƙusar. Murya ta cika ɗakin, garau, ba tsagewa. Da mai gabatarwa ya gama, yayana ya buɗe baki da sallama, mazarin ya yi juyi ɗaya ya kwanta. Zaren ya tsinke, ba ta ƙulla ba. Haka ta zauna da guntun zare a hannu har aka sa kiɗa. Sannan ta ce, "Har an gama surutun? To ku tashi, dawa ba za ta daka kanta ba."

Na tambayi matata me yayana ya ce a kan irin gyaɗar. Ta ce ita ina ta sani, tsohuwa take kallo.

Kafin magariba Inna ta aika a kira ni. Na shiga na durƙusa, ina tunanin ko wani ya gaya mata yawon da na yi. Ba ta dubi ƙusar ba, ba ta dube ni ba. Ta zaro wani ƙulli daga ƙarƙashin tabarma, tsumma ne fari, na ji ƙamshin citta da kanumfari da masoro.

"In motar gyaɗar nan ta dawo, a ba direba."

"A ce na wa, Inna?"

"Mai maganar nan. Mura yake yi, ba wanda ya ji sai ni?"

Na karɓa da hannu biyu. Motar ba ta dawo Bebeji ba a wannan kakar, aka ce ta koma bin hanyar Zariya. Sai na sa ƙullin a aljihu na tafi Kwanar Ɗangora ranar kasuwa, na tsaya a bakin titi ina leƙa fuskar kowane direba, ina taɓa aljihun in ji ko ƙullin bai kwance ba.